Kifi na ganinka: abin da ke sa kifi da jatan lande ɓuya a tankin murjani

An sayo kifi da yamma, an sake shi cikin tankin gilashi mai ruwan gishiri, ya yi zagaye ɗaya ko biyu ya faɗa bayan dutse. Da safe an duba sama an duba ƙasa, babu shi babu alamarsa. Bayan kwana biyu sai ga wani abu kamar gawar jatan lande kwance a kan yashi, ƙafafu a sama, dogayen gashin bakinsa a miƙe. A nan ne yawancin masu kiwo suke tafka kuskuren da ya fi kowanne tsada. Sai su zura hannu su ɗaɗɗaga duwatsu, su tone yashi, da niyyar ceto. Sau da yawa kifin yana nan lafiya lau, jatan landen ma yana cikin kogo, kuma wannan tonon shi ne zai zama ajalinsu.

Ɓuya ba ciwo ba ce. A tsakanin duwatsun murjani (wasu halittun ruwa masu rai da ke gina dutse) na Bahar Maliya ko na tekun Indonusiya da Filifin, inda ake kamo yawancin waɗannan halittu, kifin da bai wuce tsawon yatsa ba abincin kowa ne. Wanda ya yi nisa da raminsa ba ya kai gobe. Saboda haka kowanne yana da mafakar da ya sani, ya san nisanta, kuma ko cin abinci yake yi idonsa na kanta. Idan aka ɗauke shi aka kulle a leda, ya kwana a jirgi, ya wuce ta hannun dillalai biyu ko uku, sannan aka jefa shi wurin da bai san ko rami ɗaya ba, abu na farko da zai yi shi ne ya samu tsaga ya shige, ya zuba ido. Kifi na ganinka, mai jar koma, ko da kai ba ka ganinsa.

Aikin mai tanki shi ne ya bambance ɓuyar ɗabi'a da ɓuyar da ke nuna akwai matsala. Tambayoyi uku ne suke raba su: wane iri ne ya ɓuya, sabon zuwa ne ko tsohon zama, kuma shi kaɗai ne ko har da sauran. Sabon kifi ɗaya da ya ɓuya alhali sauran suna yawonsu, a ba shi lokaci. Tsohon kifin da ya saba zuwa gaban gilashi in ya ga mai abinci, sai kwatsam ya daina fitowa, wannan a bincika, don ruwa ba ya tsami banza. Idan kuwa tankin gaba ɗaya ya yi tsit a rana guda, ba maganar hali ake yi ba, maganar ruwa ce, kuma awanni ne suka rage ba kwanaki ba.

Saɓar jatan lande

Jatan lande ba shi da ƙashi a ciki, ɓawon jikinsa shi ne ƙashinsa, kuma ɓawon ba ya girma. In zai ƙara girma dole ya yi saɓa kamar maciji. Sabon ɓawo yana tsirowa a ƙarƙashin tsohon, sai ya zuƙi ruwa jikinsa ya kumbura, tsohon ya tsage a gadon baya daidai inda kai ya haɗu da jiki, ya fizge kansa ya fita. Yawanci da dare yake yi. Ƙarami yakan yi duk bayan mako biyu zuwa uku, babba kuma duk bayan wata ɗaya zuwa biyu, gwargwadon abinci da ɗumin ruwa. Yana fita jikinsa laushi tuɓus, ba ya iya kare kansa ko daga ƙaramar ƙaguwa, don haka sai ya shige can ƙuryar dutse kwana ɗaya zuwa uku har ɓawon ya yi tauri. Kafin saɓar ma yakan rage cin abinci ya janye jiki na kwana ɗaya ko biyu.

Saɓar tana fita da komai, har da gashin baki da ƙafafu da murfin idanu, shi ya sa take ruɗar mutum. Ciro ta da raga ka ɗaga ta a haske. In saɓa ce za ka ga haske na ratsa ta, ba ta da nauyi, idanun fayau ba baƙi a ciki, ga kuma tsagar nan a baya. In gawa ce akwai nama fari ko ruwan hoda a ciki, idanun baƙaƙe, kuma kafin ka ankara dodon koɗi da ƙaguwa sun taru a kanta. Kada ka je neman mai saɓar don ka tabbatar. Taɓa shi a wannan hali yana iya karya masa ƙafa ko ya lanƙwasa sabon ɓawon ya bushe a karkace.

Irin jatan landen ma yana da muhimmanci. Lysmata amboinensis, mai jan baya da farin layi a tsakiya, wanda yake hawa jikin kifi yana tsince masa datti, ba ya jin kunya. Yakan tsaya a bakin kogo yana kaɗa farin gashin bakinsa, har hannun mutum yana hawa. In irin wannan ya ɓace fiye da kwana huɗu ko biyar, akwai dalili. Amma ɗan'uwansa Lysmata debelius, jajawur mai fararen ɗigo da fararen ƙafafu, daga wuri mai zurfi da ƙarancin haske ya fito. Fitilar da murjani ke so ta yi masa ƙarfi, kuma zai iya shekara a tanki ba a ganin komai nasa sai gashin baki daga ƙarƙashin dutse. Ƙananan nan masu jajayen zane da ake kawowa daga yankin Fulorida don su cinye animonin Aiptasia, wata halittar ruwa mai kama da fure da ke addabar murjani, su 'yan dare ne. Wanda ya sayi biyar ya daina ganinsu, ya leƙa da tocila bayan an kashe fitila da awa ɗaya, zai same su suna kiwo.

Akwai wani abu game da L. amboinensis da masu saye ba su cika sani ba. Kowane babba namiji ne kuma mace a lokaci guda, shi ya sa duk biyun da ka haɗa za ka ga suna ɗauke da koren ƙwai a ƙarƙashin wutsiya. Suna son zaman biyu-biyu. A binciken da Janine Wong da Nico Michiels na Jami'ar Tubingen ta Jamus suka wallafa a 2011, an ajiye su uku-uku da huɗu-huɗu a ƙananan tankuna, cikin mako shida kowane rukuni ya koma biyu. Waɗanda suka mutu, 'yan'uwansu ne suka kashe su, da dare, jim kaɗan bayan sun yi saɓa. Don haka wanda ya zuba uku a tanki mai lita 150 ya wayi gari da biyu, ba sai ya zargi kifi ba.

Abin da ya fi kashe jatan lande a kwanakin farko shi ne canjin gishiri. Ruwan tankin murjani ana riƙe shi a giram 35 na gishiri cikin kowane kilo na ruwan, wato 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. Kantuna da yawa suna ajiye ruwansu ƙasa da haka. Kifi yana iya jure ɗan bambanci, jatan lande ba ya iyawa. In aka juye shi kai tsaye zai shige dutse, ya yi saɓar dole kafin lokacinta, ya maƙale a cikin tsohon ɓawo ya mutu a inda ba a gani. Maganin shi ne a auna ruwan ledar tukuna. In akwai bambanci, a juye shi da ruwansa cikin ƙaramin bokiti, a jawo ruwan tanki da siririn tiyo, a ɗaure tiyon har ya riƙa ɗiga sau biyu zuwa huɗu a daƙiƙa, a bar shi minti 45 zuwa awa ɗaya, ruwan bokitin ya ninka sau uku. Sannan a ɗauke shi a saka, ruwan bokitin kuma a zubar.

Wannan ɗigon ga abin da aka sayo a cikin gari ne. Kifin da ya kwana a leda dokarsa daban. Numfashinsa ya sa ruwan ya yi tsami, tsamin kuma ya danne gubar amoniyar da ya tara. Ana buɗe ledar iskar da ta jawo tsamin ta fice, ma'aunin tsami da ake kira pH ya hau, wato tsamin ya ragu, kuma duk hawan maki ɗaya da ya yi, kason amoniya mai guba yana ninkuwa kusan sau goma. Barin irin wannan kifi awa guda a ruwan ledarsa yana ƙona masa wurin numfashi, sai a ga ya ɓuya yana haki kwana da kwanaki. Gara a shirya tankin killacewa da gishiri da ɗumi daidai da na ledar, a mayar da shi nan take, sannan a riƙa ɗaga gishirin sannu a hankali cikin kwanaki.

Masu kwana a yashi, masu rami, da masu jin kunya

Kifayen dangin Halichoeres da Macropharyngodon cikin yashi suke kwana. Suna nutsa kai su ɓace ɓat cikin ƙiftawar ido, kuma haka suke yi in sun tsorata. Sabon zuwa yana iya kwana uku, biyar, har fiye da mako a binne. Wani lokaci yana fitowa amma a lokacin da kake barci, don jikinsa bai bar agogon ƙasar da aka kamo shi ba, sai a hankali yake daidaitawa da fitilarka. Tone shi yana mayar da hannun agogo baya, ya sake nutsewa da tsoro fiye da na farko. Abin da yake buƙata shi ne yashi mai laushi, zurfin santimita 5 zuwa 8. Tsakuwa mai kaifi tana ƙuje masa baki da gefen jiki, raunin kuma ya kamu da cuta. Danginsu na Cirrhilabrus ba sa shiga yashi, suna lulluɓe kansu da yauƙi a tsagar dutse su kwana, da safe ka ga wani farin yauƙi na yawo a ruwa. Wannan ba alamar ciwo ba ce.

Gobi, wani ƙaramin kifi mai zama a kan yashi, da jatan lande mai bindiga, na dangin Alpheus, wanda yake yin ƙarar "tas" da almakashinsa, zaman amana suke yi. Jatan landen ba ya gani sosai amma gwanin haƙa ne, gobin kuma yana da ido amma ba ya haƙa. Sai ɗaya ya gina gida ɗaya ya yi gadi. In jatan landen zai fito da yashi yana ɗora gashin bakinsa a jikin gobin, gobin na kaɗa wutsiya sai su faɗa ramin tare. Da yamma sukan toshe ƙofar, kuma suna iya buɗe sabuwa a bayan duwatsu inda ba ka gani. Mutum zai yi mako biyu yana makokinsu alhali ƙofa kawai suka canja. Tulin sabon yashi a gindin dutse da ƙarar "tas" jefi-jefi su ne shaidar suna nan.

Shuɗin kifin nan Paracanthurus hepatus yakan cusa kansa a tsaga ya kwanta a gefe kamar matacce. Gramma loreto na tekun Karibiyan yakan yi iyo a kife a ƙarƙashin rufin kogo, cikinsa na kallon dutsen. Namijin Pterapogon kauderni, ɗan tsibiran Banggai, in ya daina cin abinci ya koma lungu da kumburarren baki, ƙwai yake riƙe da su, kuma zai kai kusan wata guda haka kafin ya saki 'ya'yan. Duk waɗannan ɗabi'a ce.

Wanda ya hana shi fitowa

In tsohon kifi ya fara ɓuya, ko sabo ya wuce mako bai saki jiki ba, abu na farko da za a zarga shi ne maƙwabci. Matsalar ita ce azzalumin ba ya nuna halinsa in kana tsaye, don duk hankali ya koma kan abinci. Jingina waya a gaban tankin ta ɗauki bidiyo na minti ashirin ko talatin, ka fita daga ɗakin. Abin da za ka gani yakan bambanta da abin da ka saba gani. Akwai kuma alamu a jiki: yagaggen fiffike, ɓawon da ya zube a gefe, launin da ya dushe. Alama mafi muni ita ce kifin da ya bar duwatsu ya rakuɓe a kusurwar sama, bayan famfo ko kusa da hita. An kore shi daga duk wata mafaka ke nan, kuma irin wannan ba ya daɗewa, ko ya yi tsalle ya fita ko yunwa ta gama da shi.

Girman jiki ba shi ne ma'auni ba. Ƙananan kifayen Dascyllus da Chrysiptera, da mai layi shida Pseudocheilinus hexataenia, da yawancin dangin Pseudochromis, suna iya mallake tanki mai lita 200 su hana wanda ya ninka su sakat. Pseudochromis fridmani, mai ruwan shunayya wanda a Bahar Maliya kaɗai ake samunsa a daji, yana cikin masu sauƙin hali a danginsa, amma shi ma ba ya son ganin mai kama da shi. Faɗa ya fi tsanani tsakanin masu siffa ɗaya, launi ɗaya, ko abinci ɗaya. Su kuwa kifayen da ke zama kan dutse suna leƙe kamar shaho, irin su Neocirrhites armatus, da masu kumbura jiki in sun tsorata, da manyan Thalassoma, jatan lande abincinsu ne. Za su iya zama da shi wata uku lafiya, ranar da ya yi saɓa su cinye shi.

Rigakafin yana farawa daga tsarin shigowa: masu sanyin hali su fara shiga su kafa gida, masu zafi su zo daga ƙarshe. Sabon kifi a saka shi cikin akwatin roba mai huji-huji da ake maƙalawa a cikin tankin, da guntun bututu a ciki don ya fake, kwana uku zuwa bakwai. Tsofaffin za su gan shi su yi ta hargowa har su gaji, shi kuma ya koyi cin abincinka ba tare da an ƙwace masa ba. Ranar sakinsa a ciyar da kowa ya ƙoshi, a kashe fitila. Madubi a jikin gilashi yana ɗauke hankalin mai faɗa na kwana biyu ko uku, amma dabara ce ta ɗan lokaci. In abin ya ƙi, azzalumin ake cirewa da tarko, a ajiye shi daban mako biyu, a ɗan sauya zaman duwatsu kafin ya dawo. Wani in ya dawo ya dawo da halinsa, sai dai a nema masa wani gida.

Ranar da kowa ya ɓuya

A nan babu jira. Ɗauki kayan gwaji. Amoniya da naitirait, gubar da ke fitowa daga dattin kifi, dole su zama sifiri. Ɗumi tsakanin digiri 24 da 27. Gishiri 35. Ma'aunin pH tsakanin 7.8 da 8.4. Duba kowane famfo ko yana aiki, duba hita ko ta maƙale a kunne, ƙirga kifaye ko wani ya mutu yana ruɓewa a ɓoye.

Iskar shaƙa ita ce ake mantawa da ita. Ruwan teku a digiri 25 ba ya riƙe fiye da miligiram 6.7 na oksijin a lita, alhali ruwan daɗi yana riƙe sama da 8. Ɗumi na hawa, abin da ruwan ke riƙewa na raguwa, buƙatar kifi kuma na ƙaruwa. Da dare murjani da gansakuka suna daina samar da iska su koma shaƙa, shi ya sa matsalar ta fi bayyana da asuba. Wanda yake riƙe irin wannan tanki a Kano ko Yamai, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40 kuma wuta na iya ɗaukewa tsakar dare, wannan ne babban abokin gabansa. Famfon iska mai batir da ke tashi da kansa in wuta ta ɗauke ba kayan ado ba ne. Fanka mai hura saman ruwa tana sauke ɗumi da digiri ɗaya zuwa uku, amma tana ƙara ƙafewa.

Ƙafewar ma tana da nata tarkon. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. Tanki mai lita 200 da ke rasa lita huɗu a rana, in aka yi kwana biyar ba a cika ba, gishirinsa ya tashi daga 35 zuwa kusan 39. Sai mai shi ya zo ya kwara lita ashirin a tashi ɗaya ya mayar da shi 35 cikin minti biyu. Wannan faɗuwar ta fi hawan illa, kuma jatan lande ne ke fara biya. A riƙa cikawa kullum da tataccen ruwa marar gishiri, ko a sa na'urar da ke cikawa da kanta.

Sai maganin sauro. Jatan lande da ƙaguwa dangin ƙwari ne na nesa, abin da ke kashe sauro yana kashe su, kuma ɗan kaɗan ya isa. Feshi a ɗakin, ko na kunnawa, ko fiya-fiya, duk suna sauka a saman ruwa, na'urar kumfa mai fitar da datti kuma tana zuƙar iskar ɗakin tana cusa ta cikin tankin kai tsaye. In aka ga jatan lande suna iyo a haukace ko suna kwanciya a gefe bayan an yi feshi, a canja kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na ruwan, a sa sabon gawayin tacewa, a buɗe tagogi. Ɗakin da tankin yake, gidan sauro da ragar taga ne maganinsa. Haka nan hannu mai sabulu ko man shafawa ba ya shiga ruwan. Jan ƙarfe ma guba ne gare su: famfon tagulla a hanyar ruwa, ko maganin kifi mai jan ƙarfe da aka zuba a babban tanki, yana kashe su, kuma dutse yana tsotse shi ya riƙa sakinsa daga baya.

Cuta tana da nata salon ɓuya. Kifin da ke gudun haske, yana tsayawa a gaban famfo ruwa na bugunsa, yana numfashi da sauri, a zargi ƙwayar cutar Amyloodinium ocellatum. Wurin numfashi take fara kamawa kafin a ga wani abu kamar ƙura a fata, kuma tana iya share tanki cikin 'yan kwanaki. Kalli marfin da ke gefen kansa, ƙirga buɗewarsa cikin daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu. Matsakaicin kifin da ke hutawa amma ya haura ɗari a minti yana cikin wahala. Fararen ɗigo kamar ƙwayar gishiri da goga jiki a dutse kuwa aikin ƙwayar cutar Cryptocaryon irritans ne. Ɗigon yana ɓacewa bayan kwana uku zuwa bakwai, mutum ya ɗauka an warke, alhali ƙwayar ta sauka ƙasa ne tana hayayyafa. Ana iya samun wadda za ta kai kwana 72 kafin ta ƙyanƙyashe, shi ya sa ake barin babban tankin babu kifi kwana 76, su kuma a yi musu magani a tankin killacewa. Jatan lande mai tsintar datti ba ya warkar da ko ɗaya daga cikin cututtukan nan biyu, duk da abin da wasu masu sayarwa ke faɗa. Wani abin takaici kuma shi ne kifin da aka kamo da gubar sayanayid, abin da aka daɗe ana yi a wasu sassan Filifin da Indonusiya. Yana zuwa da kyakkyawan launi, ya ɓuya, ya ƙi ci, ya rame ya mutu cikin makonni, ba tare da mai shi ya yi wani laifi ba. Kada ka sayi kifin da ba ka ga ya ci abinci a gabanka ba.

In ya ɓace da gaske

Fara nema daga waje. Ƙasa, bayan tanki, ƙarƙashin kabad, har nisan mita ɗaya ko biyu. Kifin Nemateleotris magnifica da dangin Cirrhilabrus da masu haƙa rami na Opistognathus gwanayen tsalle ne, kuma tazarar da ta kai faɗin yatsa ta ishe su. Murfin raga mai idanu milimita 6 yana hana wannan ba tare da tare haske ko iska ba. Daga nan a duba akwatin da ruwa ke malala ta cikinsa, da jakar tacewa, da tankin ƙasa da ake tace ruwa a cikinsa. Kifi da jatan lande sukan bi bututu su sauka can su rayu makonni. A duba bakin famfuna, a duba babban animoni mai shimfiɗa, don yana haɗiye kifi.

Sai dare. Sa tocila mai jan haske, ko ka rufe ta da jar leda. Ja shi ne launin da ruwan teku ke fara haɗiyewa, kuma yawancin halittun nan ba sa damuwa da shi sosai. Bari awa ɗaya ko biyu bayan fitila ta mutu, ka bi tsaga-tsaga a hankali. Idanun jatan lande suna ƙyalli in haske ya same su. In ka san ramin da kifi yake, kashe famfuna ka tura masa ɗan abinci bakin ramin da dogon bututu. Wanda ya leƙo ya cafka ya koma, lafiyarsa ƙalau. Rashin ganin gawa kuwa ba hujjar rai ba ne, don dodon koɗi na Nassarius da tsutsotsi masu ƙaya da ƙaguwa suna iya cinye ƙaramin kifi ƙarƙaf a dare ɗaya. Gwajin amoniya na kwana biyu ko uku ya wadatar, ba sai an rushe duwatsu ba.

In kuwa kifaye suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, kullum da dare, kuma ruwa lafiya, akwai baƙon da ya shigo cikin dutse. Jatan lande mai dambe, mai hannu irin na ƙoƙi-ƙoƙi, yana barin shaida: bugu a jere kamar ana ƙwanƙwasa gilashi, da fasassun ɓawon dodon koɗi a bakin wani rami. Mai bindiga yawanci ƙara ɗaya ko biyu yake yi ya yi shiru. Ƙaguwa mai gashi da baƙaƙen bakin almakashi ita ma ba abar yarda ba ce. Mafi wuyar kamawa su ne manyan tsutsotsin Eunice. A 2009 ma'aikatan wani gidan kallon kifi a garin Newquay na Ingila sun daɗe suna ganin ana yanka musu murjani ana raunata kifi, sai da suka warware duwatsun ɗaya bayan ɗaya suka samu tsutsa mai tsawon fiye da mita. Tarkon kwalba da ɗan nama a ciki yana kama ƙaguwa. Sauran kuwa sai an gano dutsen da suke ciki an fitar da shi dungurungum.

Yawan mafaka shi ke fito da kifi fili. Mutane sukan rage duwatsu don kifi ya rasa wurin ɓuya ya fito, sai ya maƙale a ramin ɗaya da ya samu ya ƙi motsi. Wanda ya san akwai rami kusa da shi a ko'ina, shi ne yake sakin jiki ya yi yawo. A tanadi aƙalla ramuka biyu ga kowane kifi, masu girma daban-daban, wasu masu ƙofa biyu don kada a rutsa shi. A raba duwatsun gida biyu ko uku yadda mai faɗa ba zai iya ganin tankin duka daga wuri ɗaya ba. Duwatsun gindi a kan gilashin ƙasa ake ɗora su kafin a zuba yashi, don masu haƙa suna janye yashin ƙarƙashi dutse ya rufto musu. Fitila ta riƙa hawa da sauka cikin minti 30 zuwa 60, kada ta kunnu farat ɗaya a ɗaki mai duhu. 'Yan kifayen Chromis viridis da ke yawo a sarari suna kwantar wa masu tsoro hankali, don ganinsu a fili yana nuna babu maharbi kusa. Shi kuwa jan jatan landen nan mai gudun haske, L. debelius, a gina masa kogo mai rufi mai faɗi a ƙasa-ƙasa, ƙofarsa na kallon gaban gilashi, a riƙa ajiye masa abinci a bakinta lokaci ɗaya kullum. Cikin 'yan makonni zai mayar da wurin gidansa, ka riƙa ganinsa a rataye a rufin kogon yana kaɗa gashin baki.